Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Gyaran Gida da Karatun Manya a Ƙasar Gezawa

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san irin barcin da ake yi a watan Agusta. Idan marka ta zauna, ruwa ya kwana biyu yana zuba babu ƙaƙƙautawa, magidanci ba ya runtsawa sosai, kunnensa na kan bango. Uwargida kan kwashe yara daga ɗakin da ya fara tsagewa ta kai su na abokiyar zama ko na surukarta, a kwana a takure har gari ya waye. Wani gidan Allah ya tsare, wani kuwa a wayi gari katanga ta kwanta, rumbu ya zube, masai ya rufta. Kafin a yanke gero, a ƙauyuka da dama na ƙasar Gezawa za ka tarar da gidajen da aka kare da zana ko tsohon kwano, ana jiran kaka ta yi a sami abin gyara.

Mai karatu, wannan lokaci na gyara nake so mu duba tare. Daga gama girbi zuwa saukar ruwan fari, wata shida ne ko bakwai da maƙwabta ke haɗuwa a kan aiki guda: haƙo ƙasa, yin tubali, zubin adashi, zuwa kasuwa sayen kwano da ƙusa. A cikin wannan hidima talaka kan yi asara iri biyu. Ta farko ruwan sama ne ya jawo ta, kowa ya gan ta. Ta biyu kuwa takarda ce ke jawo ta, takardar da aka miƙa masa bai iya karantawa ba, kuma sau da yawa ko shi kansa bai san ya yi ta ba. Shi ya sa nake ganin babu wurin da ya dace a buɗe ajin manya kamar gindin ginin nan da ake tayarwa.

Ƙasar da ba ta da sauran fili

Idan ka bi titin Haɗeja daga Yankaba ka isa Jogana, ka riga ka shiga ƙasar Gezawa. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 340 ne, amma ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 280,000 a cikinta, wato fiye da mutum 800 a kowane murabba'in kilomita. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar yanzu wasunsu sun yi aure suna neman ɗaki.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya daɗe yana nazarin wannan karkara da ta kewaye birni, kuma Tumbau na cikin ƙauyukan da aka yi binciken. Abin da ya burge masana shi ne yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba a barin ta ta huta, ana riƙe ta da taki, kuma kowace bishiya da mai ita. Wannan ƙwazo abin alfahari ne, sai dai yana da nauyinsa. Wanda gidansa ya faɗi a Wangara ko Tsamiya Babba ba shi da wani sarari da zai koma. A nan inda ruwa ya ci bangon, a nan zai sake ɗora wani. Ƙasar ginin ma daga kududdufin bayan gida za a haƙo ta, ramin ya ƙara zurfi, ya ƙara matsowa kusa da katanga.

Ga kuma birni yana ta matsowa. Gonakin bakin titi suna komawa fuloti na awon igiya, wani lokaci a yanka har kan hanyar da ruwa ya saba bi tun kaka da kakanni. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Idan aka tare masa gaba, gidan maƙwabci zai shiga.

Abin da muke gani a asibiti

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma mu a asibiti ba ma ganin faɗuwar bango, abin da ya biyo bayanta muke gani. Masai ya rufta, ruwansa ya malala cikin rijiya, bayan 'yan kwanaki a fara kawo yara da amai da gudawa. Kududdufi ya cika, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya kwantar da gida guda. Iyali mutum goma su koma ɗaki ɗaya mai danshi, a girka abinci a ƙofarsa, tari ya kama jariri. Idan gyara ya yi jinkiri har zafin bazara ya zo ana cunkushe a ɗakin da babu taga, sai kuma mu shiga fargabar sanƙarau.

Maganin yawancin waɗannan ba shi da tsada, amma kusan duka a rubuce yake zuwa. Ɗauki ƙunshin garin gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa: wani a lita 1 ake dama shi, wani a rabin lita, kuma a jikin ledar aka rubuta. Idan ruwan ya yi kaɗan gishirin ya yi wa yaro yawa. Ƙwayar zinc da ake haɗawa da shi kwana 10 zuwa 14 ake sha, ko da gudawar ta tsaya. Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, ma'aikaci na ranar farko kawai yake bayarwa da hannunsa, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake bari. Katin rigakafi yana ɗauke da ranar dawowa: sati 6, sati 10, sati 14, wata 9.

Mukan yi dabara, mu zana layi uku a jikin ambulan don a gane sau uku ne a rana, ko mu zana rana da wata. Dabarar tana taimakawa, amma tana da iyaka. Ba za ta nuna wa uwa cewa ruwan maganin da aka sayo a kemis ya wuce wa'adinsa ba. Na sha ganin mata masu kaifin basira, waɗanda ke riƙe lissafin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na wata guda a ka ba tare da kuskuren ko sisi ba, sun tsaya da kwalbar magani a hannu suna jiran ɗan firamare ya dawo ya karanta musu.

Takardu huɗu da ke cin kuɗin gini

Takarda ta farko ita ce jerin sunayen tallafi. Idan ɓarna ta yi yawa, jami'an SEMA ta jiha ko NEMA ta tarayya kan zo su duba, a rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa. A yau ba suna kaɗai ake tambaya ba, akan nemi lambar waya, wani lokaci da lambar NIN ko ta asusun banki. Lamba ɗaya ta sauka ba daidai ba, ko a rubuta sunan da ya saɓa da na katin shaida, shi ke nan tallafi ya bi wata hanya. Wanda ya iya karatu zai duba ya ce a gyara. Wanda bai iya ba zai dangwala yatsa ya koma gida yana jira. Idan ma kuɗin ya shigo, sai ya miƙa wa mai POS katinsa haɗe da lambar sirri, ya karɓi abin da aka ƙirga masa.

Ta biyu rasit ne. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, amma kwano kauri-kauri ne, kuma farashinsa ya bambanta. Buhun siminti kilo 50 ne. Idan ka aiki wani ya sayo maka, rasit ne kaɗai zai gaya maka abin da aka saya da nawa aka saya. Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024. A irin wannan tsada, kuskuren buhu biyu ya isa ya hana ɗaki rufi.

Ta uku littafin adashi. Adashi shi ne bankin talaka, kuma da shi mata da yawa ke sayen ƙofa da taga. Muddin uwar adashi ce kaɗai ta san abin da ke cikin littafin, ko kuma babu littafin sam, to ranar da aka sami saɓani zumunci ne zai biya. Ba banza ba ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Ta huɗu, wadda ta fi sauran nauyi, takardar fili ce. Katanga ita ce iyaka a ƙauye. Idan ta faɗi, iyaka ta faɗi, kuma a wurin sake ɗora ta ne taku ɗaya ko biyu kan ɓata tsakanin maƙwabta ko tsakanin 'yan uwa. Matar da mijinta ya rasu ta fi kowa shiga haɗari: tana da tumuninta, 'ya'yanta suna da gadonsu, amma idan ba a raba an rubuta ba, sai ta ji an ce a sayar da kangon tunda ba ta da halin gyarawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar shaidar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, kuma takardar ciniki ko ta rabon gado mai sa hannun mai unguwa da dagaci da shaidu tana da ƙarfi idan magana ta kai gaban alƙali. Amma takardar da mai ita bai san abin da ke cikinta ba, rabin amfaninta yana hannun wanda ya karanta masa.

Ba yau aka fara ba

Koyar da manya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda take naɗa dattijuwar mace jaji ta riƙa kai karatu ga matan ƙauyuka. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, kuma Malam Ahmadu Coomassie na cikin manyan jagororinsa. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta samar wa sababbin masu karatu abin karantawa, har ta riƙa buga wa kowane lardi 'yar jaridarsa. Ta lardin Kano ita ce Sodangi. Masu tsarin sun gane cewa babba idan ya koyi karatu bai sami inda zai yi amfani da shi ba, kafin wata damina ya manta.

A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, irinta ta farko a Najeriya, wadda aikinta ya kai ga samun yabo daga UNESCO. Sai a 1990 gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa. Hukumar ta Kano tana nan har yau. Ka tambayi dattawan garinku, da wuya ka rasa wanda ya koyi rubuta sunansa a ajin dare na wancan zamani, da fitilar ƙwai.

Akwai kuma jarin da muke rainawa. Mafi yawan waɗanda ake cewa ba su yi karatu ba sun yi makarantar allo. Sun san baƙi da wasali, sun san ana haɗa harafi da harafi a fitar da kalma, wasu ma suna rubuta ajami. Matan aure da yawa suna zuwa Islamiyya. Mutumin da ya sauke izu goma ba jahili ba ne, haruffan boko da lambobi ne kawai bai saba da su ba, kuma zai kama su da sauri fiye da yadda yake zato. Kiran ajin da sunan yaƙi da jahilci ma yana korar wasu dattawa. A ce ajin manya, ya wadatar.

Darasin farko: tubali

A ƙasar Birazil an yi wani malami, Paulo Freire, wanda a 1963 ya koyar da manya kusan 300 karatu cikin kwana 45 a garin Angicos. Ba ya fara wa babba da jumlolin yara. Yakan zaɓi kalma daga cikin rayuwar ɗalibansa, a tattauna a kanta, sannan a farfasa ta gaɓa gaɓa. Ɗaya daga cikin kalmomin da tsarinsa ya yi suna da su, wadda aka koyar da leburorin gini da ita, ma'anarta a harshensu ita ce tubali.

Gwada da tamu ka gani. Rubuta tubali a allo, ka raba ta: tu, ba, li. Daga tu a sami ta, te, ti, to, tu. Daga ba a sami ba, be, bi, bo, bu. Daga li a sami la, le, li, lo, lu. A zama ɗaya, da baƙi uku kacal, magidanci zai haɗa bulo, buta, tulu, tela, labule, har da Talata. Gobe a ɗauko azara, jibi kwano, gata siminti. Hausa tana da sauƙi a nan, domin yadda ake faɗin kalma haka ake rubuta ta.

Lissafi ma daga wurin aikin zai fito. A miƙa wa ɗalibi tef ya auna ɗaki ƙafa 12 da ƙafa 12, ya karanta lambar da kansa. A ƙirga tubalin da ya shiga layi ɗaya, a ninka da yawan layuka. A kawo rasit na gaske a karanta. Kowa ya rubuta cikakken sunansa kamar yadda yake a katin shaida, da lambar wayarsa, har ya haddace. A koyi karanta saƙon banki a waya, a gane wane ne na shigar kuɗi, wane ne na fita. A ajin mata a ƙara da katin rigakafi, da kwanan watan da ke jikin kwalbar magani, da littafin adashi. Wanda ya ga amfanin darasin jiya a kasuwar yau, ba sai an roƙe shi ya dawo aji ba.

Araha ba ta hana ƙarko

Da yawa suna ganin mafita ita ce a bar ƙasa a koma bulo. Ga mai hali babu laifi. Amma bulon da aka tsuke wa siminti, wanda kake murzawa da yatsa yana zuba, bai fi tubali mai kyau ba, kuma ɗakin bulo da kwano babu silin tanda ne a watan Afrilu. Ginin ƙasa yana da sanyi da rana, yana da ɗumi a hunturu, kayansa kuma suna kusa. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19 da ƙasa da azara aka yi shi. Abin da ke kayar da bangon ƙasa sananne ne: ruwa ya kwanta a gindinsa, ko ya shiga ta kansa.

Saboda haka, ɗan simintin da aka samu a zuba shi inda ya fi amfani. A yi fandisho da dutse ko bulo mai ƙarfi, a ɗaga shi sama da inda ruwa ya kai a daminar da ta wuce, a shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin a ɗora tubali don kada danshi ya hau. A yi wa gindin bango dakali mai gangara zuwa waje. Idan rufin kwano ne a bar masa baki ya zarce bango sosai. Idan soro ne a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da katanga, a kuma duba shi kafin kowace damina. Yaɓen shekara shekara ba ado ba ne. Magabata suna shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, masu hali su yi laso da katsi na marina da gashin jima da dafara, kuma har yanzu akwai tsofaffin magina da suka san haɗin. Filastar siminti a kan bangon ƙasa kuwa takan tsage ta ɓoye ruwa a ciki, bango yana ruɓewa kana ganinsa fes daga waje.

Akwai kuma tubalin matsi, wanda ake haɗa jar ƙasa da siminti kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a matse a injin hannu, a rufe ana yayyafa masa ruwa na wasu makonni kafin a yi gini da shi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji. Gida ɗaya ba zai iya sayensa ba, amma unguwa za ta iya. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, ƙauyen Hausawa irin namu, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan tubali, aka gyara tsohon masallacin ƙasa ya zama ɗakin karatu. An kammala a 2018, kuma maginan gari sun yi aiki a ciki. A Nijar ɗin dai, tun shekarun 1980 ake horar da magina rufin ƙasa zalla wanda ba ya bukatar azara ko katako. Wannan kam sai da horo na sosai, kuma damina a Kano ta fi ta can nauyi, don haka kada wani ya gwada da ka.

Abu biyu nake roƙo a matsayina na mai jinya. Kowane ɗaki a yi masa taga biyu masu kallon juna, a sa musu raga. Sabon masai kuma a nisanta shi da rijiya gwargwadon iko, ana son mita 30, kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. Inda gidaje suka matsu, wannan ba shawarar gida ɗaya ba ce, domin masanka na iya zama kusa da rijiyar maƙwabcinka. Tun ran gini tun ran zane.

Yadda za a haɗa biyun

Ba sai an jira wata ƙungiya daga waje ba. Gayya muna da ita, adashi muna da shi, zaure muna da shi. Gidaje 10 ko 12 na unguwa ɗaya su haɗu a gaban mai unguwa da liman, su zagaya su duba ɓarnar kowa, su tsara wanda za a fara yi wa. Gidan marayu da na tsofaffi da na matar da ba ta da mai yi mata su zo a gaba. A ware rana ɗaya ko biyu a mako na aikin gayya. A yi zubi da kaka lokacin da hatsi ke hannu, wanda ba shi da kuɗi ya kawo kwanon gero ko ya ba da amalanke. A sayi siminti da kwano a dunƙule, a sami ragi, a biya kuɗin mota sau ɗaya.

Littafin wannan gayya shi ne littafin ajin. Wa ya kawo me, wa aka yi wa, nawa aka kashe, duk a rubuta a babban allo a zaure inda kowa zai gani, a karanta tare duk mako. A watan farko malami zai karanta. A wata na uku ɗalibai su karɓa bi da bi. Wannan kaɗai ya isa ya kashe zargi, wanda shi ne ke rusa yawancin ayyukan haɗin gwiwa.

Malami ba zai yi wuya ba. Kusan kowace mazaɓa akwai matasa masu NCE ko sakandare da ke zaune babu aiki. A yanka masa ɗan ihsani daga zubin, ko da hatsi ne, don aikin kyauta ba ya daɗewa. A je sakatariyar ƙaramar hukuma a nemi jami'in ilimin manya a yi wa ajin rajista, domin a sami littattafai da takardar shaida. Maza su zauna bayan sallar isha'i. Mata su zauna a cikin gida ko a Islamiyya tsakanin azahar da la'asar, mace ta koyar da su.

Akwai abubuwan da kan kawo cikas, gara a san su tun da wuri. Samari suna tafiya cirani, don haka a fara da zarar an kai amfani gida, kada a bari sai Fabrairu. Dattijo ba zai so ya yi kuskure a gaban ɗan cikinsa ko surukinsa ba, a raba musu zama. Kada a bari ajin ya ɗauki launin wata jam'iyya, in ba haka ba rabin unguwa za su janye. Sannan ga wani abu da malamai kan manta: daga shekara 40 ido kan fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa. Dattijo da yawa da ke cewa kansa ba ya ɗauka, idonsa ne ba ya gani. Tabarau na karatu mai araha da fitilar sola mai haske su ne maganin, kuma a rubuta baƙi manya manya a allo.

Kai maigida, idan kana cikin masu tunanin me mace za ta yi da boko a wannan shekaru, ka tuna ita ce ke gida ranar da masu rigakafi suka zo, ita ce ke auna wa ɗanka magani da tsakar dare, kuma idan ta Allah ta kasance a kanka, ita ce za ta riƙe takardar gidan nan ta kare wa 'ya'yanka. Ke kuma uwargida, kada ki ce girma ya zo. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka. Wadda ta iya lissafin adashin mutum 20 a ka, baƙaƙen boko ba za su gagare ta ba.

Mu da muke birni muna da iyaye a Babawa ko Ketawa ko Mesar Tudu, mun saba idan an kira mu an ce katanga ta faɗi mu tura kuɗin siminti. A bana mu ƙara da allo da alli, da tabarau biyu ko uku, da ihsanin malami na wata uku. Duka ba su kai kuɗin bandir ɗin kwano ba. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina tun farkon shekara, kuma ruwan fari ba ya jiran wanda bai gama yaɓe ba. Wanda zai tara maƙwabta ya tara su yanzu, tun hatsi na rumbu, tun samari ba su tafi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da waɗanda ke cikinsu.